Yadda ake daidaita rabon RAM tsakanin firosesa da injin hoto a kwamfuta

Da wuya mako ya fita wani bai shigo rumfata nan Maradi rungume da kwamfuta ya ce, "Malam, so nake a ƙara mini kart girafik" ba. Yawanci samari ne masu buga wasan ƙwallo, ko masu haɗa bidiyon biki, wani lokacin kuma ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da aka ba aikin zanen taswira ya ga kwamfutarsa na jan ciki. In na duba, mafi yawansu babu wani kati a ciki da za a zare a sa babba. Injin hoton a cikin firosesa yake, ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfutar, wato ma'ajiyar da take ajiye aikin da ke hannu, yake ɗiba. Abin da hannunka zai iya taɓawa biyu ne: yawan abin da aka ware masa, da faɗin hanyar da yake bi ya ɗebo. Mutane na farkon suke bi da gudu, alhali na biyun ne ke da mai.

Kayan aiki

Turnabis ƙarami mai kan gicciye, wanda bakinsa bai cinye ba. Tsohon katin roba mai tauri, na ɓamɓare murfi, don wuƙa tana karce jiki kuma tana iya yanke waya. Murfin kwalba ko ƙaramin kofi na zuba sukurori. Gwam ta ƴan lakwal, fara, mai laushi. Burushi mai taushi. Wayarka, don ɗaukar hoton duk abin da za ka canja kafin ka canja shi. Kile ta USB mai ɗauke da CPU-Z, ƙaramar manhaja ce ta kyauta, akwai wadda ba ta buƙatar a girka ta. Caja, da batir mai riƙe wuta ko na awa ɗaya ne. Sai baret ɗin RAM, wato ɗan siririn allon RAM da ake sokawa a gurbi, amma ita kada ka saya tukuna, ka bari sai ka kai mataki na 4.

Ka yi aikin kan tebur ko benci na katako. Ban da kan katifa, ban da darduma mai gashi.

Abin da ya kamata ka fahimta kafin ka taɓa komai

Ka ɗauki RAM a matsayin gandu. Firosesa na ci daga ciki, injin hoto ma na ci. An yanka wa injin hoto ƴar gamana tun kwamfuta na tashi, wannan tasa ce, Windows ba ya ma ganinta. In gamanar ta kasa masa, sai ya shiga gandu ya ara, kuma Windows ya yarje masa ya ara har kusan rabin RAM ɗin duka. Da ya gama, ya mayar. To ga inda mutane ke ruɗewa: gamanar da gandun ƙasa ɗaya ce. Baret ɗaya, gudu ɗaya. Matsar da iyaka ba ta ƙara wa ƙasa albarka.

Kwamfuta mai katin hoto na daban, irin GeForce na NVIDIA ko manyan Radeon na AMD, ita ce mai gona biyu da gaske, don katin da tasa ma'ajiyar yake zuwa, mai gudun gaske. Wancan tsarin na haɗaka kuwa ya daɗe. Intel ta shigar da injin hoto cikin kunshin firosesa a 2010, AMD kuma, da ta sayi kamfanin ATI a 2006, ta fito da nata a 2011. Kusan duk kwamfutar ofis ta okaziyo da ke zuwa mana, ko ta Kano ta biyo Jibiya da Ɗan Isa, ko ta wata hanya, irin wannan ce.

Mataki na 1: Gano irin injin hoton da ke gabanka

Danna Ctrl da Shift da Esc tare. A kilabiyen Faransanci, Ctrl da Maj da Échap ke nan. Taga za ta buɗe, Gestionnaire des tâches ko Task Manager, gwargwadon harshen Windows ɗinka. Shiga shafin Performance, gangara ƙasa ta hagu, za ka ga GPU 0, wato injin hoto. Karanta sunan da ke sama ta dama. In ka ga Intel HD, UHD ko Iris, ko AMD Radeon Graphics ko Vega, na haɗaka ne. In akwai GPU 1 mai suna NVIDIA, ko Radeon RX mai lamba uku ko huɗu a bayansa, kana da biyu, ka kula da abin da na faɗa a mataki na 7.

In ba ka ga GPU ba sam, kada ka ce kwamfuta ta lalace. Microsoft ta ƙara wannan shafin ne a Windows 10 cikin 2017, kuma tsofaffin firosesa, irin ƙarni na 2 da na 3 na Intel, direbansu, wato manhajar da ke haɗa Windows da injin hoton, ba ya nuna shi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta dxdiag, shiga shafin allo, suna da lambobin suna nan.

Kada ka yarda da takardar da aka manna a jikin kwamfuta. Na sha ganin tambarin NVIDIA kore shar a kan injin da babu ƙamshin NVIDIA a cikinsa.

Mataki na 2: Karanta lambobin, sannan ka gwada da aikin gaske

A shafin GPU akwai mai cewa dédiée ko dedicated, gamanar ke nan, da mai cewa partagée ko shared, abin da aka yarda ya ara. Mai RAM giga 8 zai ga kusan 3.9 a wurin aro, mai 16 zai ga kusan 7.9. Injin Intel sau da yawa ba ya ma nuna layin farko a nan, ba matsala ba ce. Koma shafin Mémoire, a ƙasa ta dama akwai Matériel réservé, shi ne abin da aka yanke wa Windows tun daga tushe. Ɗauki hoton duka da wayarka.

Wannan kusan giga 4 na aro ba a kulle suke ba. Wani yaro ya taɓa zuwa mini ransa a ɓace, wai kart girafik ya cinye masa rabin RAM, a kwato masa. Na nuna masa layin: 0.2 cikin 3.9. Wato abin da aka ara a lokacin bai kai rubu'in giga ba, sauran na nan firosesa na amfani da shi. Hoton allo guda mai ɗigo 1920 sau 1080, kowane ɗigo na cin bayit 4, duka bai wuce mega 8 da ɗoriya ba. Mai rubutu a Word da kallon bidiyo ba ya kusantar iyakar nan ko kaɗan.

Yanzu bar tagar a buɗe, ka kunna abin da ke ba ka wahala, wasan ne ko manhajar haɗa bidiyon, ka yi aiki na minti 10, ka dawo ka duba zanen. Abu uku kake nema. In RAM ya cika ya haura kashi 90, faifai kuma na ta aiki ba hutu, RAM ne ya yi kaɗan. In RAM da saura amma GPU na manne a 100, injin hoton ne ya kai maƙura, ko kuma hanya ce ta yi masa ƙunci. In kuwa da farko tana gudu, bayan ƴan mintoci ta fara sanɗa, fanka na kuka, zafi ne, kuma babu lambar BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ya tashi, da za ta yi maganinsa.

Mataki na 3: Duba ko hanya ɗaya ce ko biyu

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Buɗe CPU-Z, shiga shafin Memory, dubi akwatin Channel. In ya ce Single, ko 1 x 64-bit, hanya ɗaya gare ka. In ya ce Dual, ko 2 x 64-bit, biyu ne. Firosesar kwamfuta ta yau da kullum ƙofa biyu gare ta zuwa RAM, amma in baret ɗaya ce a ciki, ƙofa ɗaya ce a buɗe, ɗayar na garƙame. Ka tuna rijiyar ƙauye da safe: ruwa na nan maƙil, amma in guga ɗaya ne, mata da makiyaya duk layi za su yi. Ba ƙarin ruwa ake bukata ba, guga na biyu ake bukata.

Ga lissafin. Baret DDR3 mai gudun 1600 tana ɗauko giga 12.8 a daƙiƙa. DDR4 mai 2400 tana ɗauko 19.2, mai 3200 kuma 25.6. Sa ta biyu, lambar ta ninka: 25.6, da 38.4, da 51.2. Ka gwada da katin daban mai araha kamar GTX 1050, wanda ma'ajiyarsa ke ba shi giga 112 a daƙiƙa, shi kaɗai, ba ya raba wa kowa. Ka ga ke nan injin haɗaka da yunwa yake kwana ko da hanya biyu, balle ɗaya, ga firosesa ita ma tana miƙo kwano. Firosesa tana da ƴar ma'ajiya a cikinta da ke rage mata zirga-zirga, shi ya sa ba ta cika jin ƙuncin ba. Injin hoto kuwa sau 30 ko 60 yake sake zana allo a daƙiƙa guda, kowane zane sai ya je ya ɗebo.

Shi ya sa a wurina baret biyu na giga 4 da 4 sun fi baret ɗaya ta giga 8 ga duk mai wasa ko aikin hoto, ko da yake jimillar ɗaya ce. Intel da kanta ta nuna haka: a firosesa masu Iris Xe, daga ƙarni na 11, in baret ɗaya ce kwamfutar kan nuna sunan injin a matsayin UHD kawai, sai an cika hanya biyu yake amsa sunansa.

Shiga shafin SPD a CPU-Z, zaɓi kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ke ciki: girma, iri, da gudu. Gurbin da ya fito fari fat, babu komai a ciki. Windows ma na nuna yawan gurabe, amma yakan yi ƙarya, ya ce 1 cikin 4 a injin da ke da biyu kacal. Gani ya kori ji, sai ka buɗe murfi ka tabbatar.

Mataki na 4: Sayen baret

Ka tafi kasuwa da kwamfutar, ko aƙalla da hoton takardar da ke jikin baret ɗinka. A takardar za ka ga rubutu kamar PC3-12800, ko PC3L-12800, ko PC4-2400T, ko PC4-3200AA. PC3 shi ne DDR3, PC4 shi ne DDR4. Ba sa shiga gurbin juna: ta kwamfutar hannu DDR3 haƙora 204 gare ta, DDR4 260, DDR5 262, kuma tsagin da ke tsakiya ba wuri ɗaya yake ba. In ta ƙi shiga, ba ƙarfi take so ba, ba tata ba ce.

Harafin L ɗin nan shi ne ɗan hakin da ka raina. PC3 da bolt 1.5 take aiki, PC3L da 1.35. Jikinsu ɗaya, gurbinsu ɗaya, amma kwamfutocin hannu na ƙarni na 4 da na 5 na Intel, irin EliteBook 840 G1 da G2 da suka cika garin nan, mai L suke so. Ka sa maras L, allo ya ƙi kawowa, ka ɗauka ka ƙona injin. Daga 840 G3 kuma DDR4 ce.

Abin da ya fi shi ne tagwaye, girma ɗaya, gudu ɗaya. In ba a samu ba, ka ɗauki mai girma ɗaya ko da kamfanin ya bambanta, yawanci suna zama lafiya. In gudunsu ya bambanta, duka za su bi takun mai sanyin. In kuma 4 gare ka, 8 ka samu, sa su: kwamfutar za ta haɗa 4 na wannan da 4 na waccan su yi hanya biyu, ragowar 4 su tafi a hanya ɗaya. Ya fi babu nesa ba kusa ba.

Ka ce wa mai kaya, "Alhaji, a gwada a gabana." Mai gaskiya ba ya ƙi. Baret ɗin okaziyo ba laifi ba ce, RAM ba ya cika tsufa, amma araha ba ta ado in an canja mata takarda. CPU-Z zai faɗi gaskiyar girmanta ko me aka manna a kai.

Wasu kwamfutocin an narke RAM ɗin a jikin kart-mer, wato babban allon da komai ke manne a kai, babu gurbi ko ɗaya, kamar sirara masu tsada da duk MacBook masu M1 na 2020 zuwa sama. Waɗannan yadda aka saye su haka za su mutu, ka tsallake zuwa mataki na 6. Wasu kuma rabi ne a narke da gurbi ɗaya a buɗe, ka nemi wadda ta yi daidai da ta jikin.

Mataki na 5: Sa baret

Kafin komai, in kwamfutar ta fito daga ofis ko ƙungiya, duba ko BitLocker, makullin Windows da ke garƙame bayanai, na kunne a faifan, za ka ga alamar kwaɗo a kan C. In yana kunne, ka dakatar da shi ko ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda. Canji a BIOS ko a kayan ciki na iya sa ya tambaye ka mabuɗin, in babu shi kuwa, hotunan bikin mutane sun tafi ke nan.

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba barci ba. Zare caja. In batirin na waje ne cire shi, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10. Kwance sukurorin murfin ƙasa, ka jera su yadda suke a jiki, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a wurin gajere yakan ɓullo ta kilabiye. Zagaya bakin murfin da katin roba har ya saki. In batirin na ciki ne, zare wayarsa daga kart-mer da farce, ka ja kan, ba wayar ba.

Taɓa ƙarfe kafin ka taɓa baret, ƙofar rumfa ko ƙafar tebur. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har riga ke tartsatsi in ka tuɓe ta da dare, wannan tartsatsin ya isa ya kashe baret ba tare da ka ji komai ba. Riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran zinaren.

Daidaita tsagin da ɗan tudun da ke cikin gurbi. Tura ta a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka kwantar da ita ƙasa da yatsa biyu. Za ka ji ƙas, ƙarafa biyun gefe sun kama. In ba ka ji ba, ko kana ganin zinare da yawa a waje, ba ta zauna ba, cire ka sake.

Tun da murfi na buɗe, leƙa fanka. A garin nan ban taɓa buɗe injin da ya shekara ba tare da na tarar da ƙura ta yi tabarma a bakin ƙarfen sanyaya ba. Tare fankar da yatsa ka share da burushi. Firosesa da injin hoto a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya suke, in zafin Afrilu ya haura 40 ga hanya a toshe, duka biyun za su rage gudu don kare kansu.

A kwamfutar tebur mai gurbi huɗu, kada ka jera baret biyun kafaɗa da kafaɗa, za su faɗa hanya ɗaya. Yawanci na 2 da na 4 ne in ka ƙirga daga firosesa, sau da yawa launinsu ɗaya. A nan a miƙe ake dannawa, ba a karkace ba.

Mayar da batir, ɗora murfi ba tare da ka ɗaure ba, kunna. Tashin farko yakan ɗan jima da baƙin allo, Dell ma takan tsaya ta ce girman RAM ya canja, ka danna ta wuce. Buɗe CPU-Z. In ya ce Dual, maimaita gwajin mataki na 2. Da yawa daga nan suke cewa ya isa, kuma sun yi gaskiya.

Mataki na 6: Gyara rabon a BIOS, in da dalili

Dalili biyu kawai na sani. Na farko, wasa ko manhaja ta ƙi buɗewa sam, tana cewa ma'ajiyar hoto ta yi kaɗan, don gamanar kawai take dubawa ba ta san da aro ba. Na biyu akasin haka ne: an ware da yawa har Windows na shan wahala. Wasu kwamfutoci masu Ryzen suna zuwa da giga 2 a yanke, mai giga 8 ya ga 5.9 kawai ke hannunsa. In rubutu da intanet ne aikinsa, ragewa za a yi.

Jona caja. Kunna kwamfutar ka riƙa danna maɓallin shiga tun kafin tambari ya fito: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad, Del a yawancin na tebur. Ɗauki hoton shafin kafin ka taɓa. Sunan wurin ya bambanta. A injin AMD, UMA Frame Buffer Size. A na Intel, DVMT Pre-Allocated. A EliteBook da ProBook, cikin Advanced, ƙarƙashin Built-In Device Options, akwai Video Memory Size. A wasu ThinkPad, cikin Config sai Display. Canja wannan layin kaɗai, adana, fita.

Nawa za a sa? Ga yadda nake yi. Mai giga 4, ban taɓa komai, kowane mega da ka yanke daga bakin Windows ka cire shi. Mai 8, ban wuce mega 512. Mai 16 a injin AMD, giga 1, ko 2 in wasan ya matsa. In akwai Auto kuma babu abin da ke ƙorafi, a bar shi nan.

Na taɓa karɓar wata kwamfuta mai giga 4 da wani mai gyara ya sa wa giga 2 a wannan layin, ya karɓi jika biyu. Mai ita, wata baiwar Allah mai buga takardu, ta ce tun ranar ko shafi uku ta buɗe sai ta tsaya cak. Garin neman gira aka rasa ido. Na mayar da shi yadda yake, ta ce, "Ɗana, shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Hajiya.

In ka nema ba ka ga layin ba, babu shi ne. Kamfanoni da yawa sun ɓoye shi, galibin Dell na hannu haka suke, direba ke yin rabon da kansa. Kada ka saukar da gyararren BIOS daga intanet don buɗe ɓoyayyun shafuka, kuskure ɗaya kart-mer ta zama faranti. In kuma BIOS ya tambaye ka kalmar sirri da ba ka sani ba, wanda ya sayar maka za ka koma wa. Sababbin injina kuwa, wasu Ryzen AI da Core Ultra, an fara ba da damar canja rabon daga cikin manhajar AMD ko ta Intel ba tare da shiga BIOS ba, sai dai har yanzu ba su cika zuwa teburina ba.

Akwai wata dabara da ke yawo a bidiyoyi, ta shiga rajistar Windows a ƙirƙiri DedicatedSegmentSize a ƙarƙashin Intel a rubuta 512. Lambar da ake nuna wa manhaja kawai take canjawa. Takan yaudari tsohon wasa ya buɗe, wannan gaskiya ne, amma ko ɗigo ba ta ƙara gudu, kuma sababbin direbobi ba su cika kula ta ba. Masu karɓar kuɗin "ƙara kart girafik" da yawa wannan suke yi.

Mataki na 7: Abubuwan cikin Windows

Duba ko Windows ɗinka mai bit 64 ne. Mai 32 ba ya iya amfani da fiye da giga 3 da wani abu, ko 16 ka zuba masa, sauran sai su bayyana a matsayin Matériel réservé. Maganinsa sake girkawa.

In 64 ne amma abin da aka yanke ya yi yawa ba dalili, rubuta msconfig, shiga shafin Démarrer ko Boot, sai zaɓuɓɓukan ci gaba, ka cire alamar da ke kan Mémoire maximale. Masu bin bidiyon "ƙara gudu" ne ke sa ta. In ba ita ba ce, kuma rabin RAM cif ya ɓata, baret ɗaya ce ba ta zauna ba.

In sunan injin hoton ya fito Microsoft Basic Display Adapter, ko Carte vidéo de base, direba ne babu, kuma duk wahalar da ka sha a banza ce har sai ka girka shi. Ɗauko shi daga shafin kamfanin kwamfutar da lambar samfurinta. In kuɗin intanet ya yi kaɗan, saukar da shi sau ɗaya a sibar ka ajiye a kile.

Mai injin hoto biyu, shiga saitin allo, sashen Graphiques, zaɓi manhajar ka ba ta babban. A ta tebur, wayar allo a jikin katin ake jona ta, can ƙasa, ba a ramin kart-mer na sama ba. Kuma in ka ga katin daban ya cika ya fara aro daga RAM, ba abin murna ba ne: aron ta mashigar PCIe yake bi, wadda a ƙarni na 3 ba ta wuce kusan giga 16 a daƙiƙa, shi ya sa hoto ke sarƙewa. Rage ingancin hoton wasan. A injin haɗaka ma, saukowa daga 1080 zuwa 720 na rage ɗigon da ake zanawa da fiye da rabi. Ka kuma yi aiki mai nauyi da caja a jone, a kan batir injin da gangan yake rage ƙarfi.

Mataki na 8: In ta ƙi tashi

Baƙin allo, ko ƙara ɗit-ɗit, ko fitilar Caps Lock na ƙiftawa. Kada hankalinka ya tashi. Kashe, cire sabuwar baret, kunna da tsohuwar kaɗai. In ta tashi, goge haƙoran sabuwar da gwam a hankali, share ɓurɓushin da burushi, gwada ta ita kaɗai a gurbin farko. In ta yi aiki a can ta ƙi a na biyu, gurbin ne ya yi ƙura ko ya mutu. In ta ƙi ko'ina, mayar wa mai ita yau, kada ka kwana da ita.

In bayan canjin BIOS ne ta ƙi, zare caja da batir, cire ɗan batirin kart-mer mai kama da kwabo, CR2032, jira minti 5, mayar. Komai zai koma yadda ya fito daga kamfani, har da agogo, sai ka gyara kwanan wata kafin ka shiga intanet. In kuma kullum saitin da ka yi gogewa yake da kansa, wannan ɗan batirin ne ya mutu, masu gyaran agogo na da shi.

In ta tashi amma shuɗin allo na zuwa jefi-jefi, rubuta mdsched ka bar Windows ya gwada RAM ɗin, ko ka sa MemTest86 a kile ka bar shi ya kwana yana zagaye. Jan layi ko ɗaya ne, baret ɗin ba ta da lafiya. Sai gwajin ya fita fes nake ɗaure sukurorin murfi, in fara da na kusa da hinji, don su ne dogaye.